Zauren Baba Magatakarda: Soja, ƙuri'a, da ƙanen da aka tafi da shi cikin dare

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk kuka ɗaya suke yi: ana matse mutane, mai magana yana waiwaye kafin ya buɗe baki, to talaka ya yi yaya? Na ɗauki huɗu, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Ga sababbin masu karatu, ni ba lauya ba ne. Magatakardan kotu na yi a nan Sakkwato har na ajiye aiki: karɓar fayil, buga hatimi, kiran ƙara. Abin da zan faɗa daga wannan teburin na san shi.

TAMBAYA: Baba Magatakarda, Allah shi ƙara girma. Ni ɗan kabu-kabu ne, Illela nike aiki. Wallahi mun gaji. Ɓarayin daji sun hana noma gabas, mai ya yi tsada, wanda duk yay yi magana a kama shi, 'yan siyasa kuma sun taru jam'iyya guda. Mu nan muna kallon Ƙonni ta Nijar, soja sun kori Faransa, ana ganin girmansu. Ba gara soja su zo su share wagga ɓarna ba?
Wani matashi, Illela.

AMSA: Ɗana, ban ga ƙarya a kukanka ba. Mutumin Sabon Birni ko Isa da yake biyan 'yan bindiga haraji kafin ya shiga gonarsa ba ya buƙatar a yi masa lacca kan daɗin dimokuraɗiyya. Sai dai abin da kake roƙo an taɓa ba mu shi, kuma da wayona.

Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da Alhaji Shehu Shagari, ɗan jihar nan. An gaji da 'yan siyasa kamar yadda ka gaji yau, mutane da yawa suka yi murna. Cikin 'yan watanni sai ga Doka ta 2, wadda ta halatta a tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma hana kotu tambayar dalili. Sai Doka ta 4, wadda da ita aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda-guda. A Afrilun 1984 aka canja kuɗi, aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Maris 1986. Wannan kai ya fi shafa. Ka zauna da dattawan Illela da na Ƙonni su ba ka labarin yadda kasuwa ta mutu, da yunwar da mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El Buhari.

Zamanin Abacha kuwa, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya taɓa zama na biyu a mulkin ƙasar nan, a kurkukun Abakaliki ya cika, Disamba 1997. A Afrilun 1996 aka kira Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi ofishin gwamnan soja, daga nan sai jirgi, sai Zing ta jihar Taraba. Na san har gobe a garin nan akwai masu cewa dama ba shi jama'a suka so ba a 1988, kuma ba wannan gardamar nake tonowa ba. Abin dubawa shi ne gwamnatin soja ta naɗa, gwamnatin soja ta tuɓe, duka biyun ba a shawarci talaka ba. In haka aka yi wa mai Sakkwato, ina ga ɗan kabu-kabu?

Korar sojan Faransa daga Nijar ta yi wa mutane da yawa daɗi, har da ni. Amma ka ƙarasa lissafin. Janar Tchiani ya karɓi mulki a Yulin 2023, ya ce ba zai wuce shekara uku ba. A Maris 2025 aka rantsar da shi na shekara biyar, aka rushe jam'iyyu duka. Bazoum ya haura shekara biyu a tsare ba a gurfanar da shi ba. Moussa Tchangari, ɗan fafutukar da ya sha kamu tun zamanin farar hula, an ɗauke shi a Disamba 2024, a watan ne kuma aka dakatar da BBC. Kashe-kashen yankin Tillaberi kuwa ba su tsaya ba.

Kada ka ce ina wanke farar hula. A Afrilun 1980, ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman Bakolori wuta don sun tare hanya suna neman diyyar gonakinsu, lokacin Talata Mafara tana cikin jihar Sakkwato. Farar hula suka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Farar hula suka dakatar da zaɓaɓɓen gwamnan Ribas da majalisarsa wata shida a 2025, shekarar da gwamnonin Delta, Akwa Ibom, Inugu da Bayelsa suka yi layi zuwa jam'iyya mai mulki. Amma ƙarƙashinsu akwai ranar zaɓe a rubuce, akwai kotun da ba a soke ikonta ba, akwai ɗan majalisar da dole ya dawo gida ya haɗa ido da mutanensa. Da wannan aka kashe tazarcen Obasanjo ranar 16 ga Mayu 2006: ana haska muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san 'yan garinsu suna kallo. A Senegal, 2024, Macky Sall ya ɗage zaɓe, jama'a suka ƙi, majalisar tsarin mulki ta soke ɗagewar, aka yi zaɓe a Maris, mutumin da ya fito daga kurkuku kwana goma kafin ranar ya lashe. PDP ma ta taɓa cika baki cewa shekara 60 za ta yi. A ta 16 ta sauka.

Kana da ƙungiya, ɗana, ta nan za ka fara. Ku daina bari ta zama abin haya ranar gangami, a ba ku kuɗin mai ku yi ta hon bayan mota. Ku buɗe asusu, kowa ya riƙa jefa ɗan abu duk mako, ku ajiye lambar lauya guda wanda ya san da ku tun kafin a kama wani. Ranar da aka ƙwace babur ɗin ɗayanku ba bisa ƙa'ida ba, shugabanninku su tafi tare da shi, da takarda a hannu.

TAMBAYA: Baba, ina wuni. Ƙanena ɗalibi ne. Ya rubuta a Facebook cewa asibitin ƙauyenmu ba magani ba ma'aikaci, ya ambaci sunan wani babba. Aka zo da dare aka tafi da shi, yau kwana tara. Mahaifinmu ya rasu, innarmu kuka kawai take yi. Kawu ya ce mu yi shiru kada abin ya girma, zai nemi alfarma. Wani kuma ya ce mu kawo dubu ɗari da hamsin na beli. Me zan yi?
Wata uwargida, Mabera.

AMSA: Ɗiyata, Allah shi fid da shi lafiya. Kawunku ba mugunta yake nufi ba, tsoro ne. Ki bar shi ya nemi alfarmarsa, amma shirun kada ki karɓa. Abin da na gani da idona a wurin aiki shi ne, fayil ɗin da ake zuwa tambayarsa yana motsi, wanda ba mai tambaya ƙasa yake komawa, wasu su hau kansa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jira suke yi. Da yawansu ba girman laifi ya zaunar da su ba, rashin mai bin sawu ne. Masu danniya sun san haka, shi ya sa abin farko da ake gaya wa dangi shi ne su yi shiru.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace cikin nisan kilomita 40, in babu, kwana biyu. Cikin garin Sakkwato ba wanda zai ce kotu ta yi masa nisa. Yana da ikon ya kame bakinsa har ya ga lauya ko wanda ya zaɓa. In aka tsare shi ba bisa doka ba, sashen ya ba shi diyya da neman afuwa a bainar jama'a. To in ba alƙali ne ya ba da umarnin ajiye shi ba, kwana taran nan saɓa doka ne.

Gobe da safe ki tafi inda kuke zaton yake, kada ki tafi ke kaɗai. Ki ɗauki dattijo guda, mai unguwa ko liman in zai yarda, da wani mai iya rubutu. Ku sayi littafi na musamman. Ranar da aka zo, ƙarfe nawa, mutum nawa, da kaki ko farin kaya, sunan jami'in da ke riƙe da binciken, wanda ya ambaci kuɗi da nawa ya ce, duk a rubuta. Ki ɗauki hoton abin da yaron ya wallafa kafin a goge, don sau da yawa abin da ake karantawa a kotu ya fi abin da aka rubuta kauri. Ki kai masa abinci kullum. Ba don cikinsa kaɗai ba: kwanon da ke zuwa safe da yamma yana shaida wa masu gadi cewa wannan yana da mutane.

Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, su da kansu suna manna hakan a bango. Na kotu kuwa, kuɗin da alƙali ke ambata yawanci ba ƙirga su ake yi ba, alkawari ne mai tsayawa ke sa wa hannu cewa zai biya in yaron ya gudu. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce ba a hana mutum tsayawa don mace ce, saboda haka kada a kore ki da wannan. Ita da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun haramta kama wani a madadin wani.

Inda aka fi ɓatar da mutane shi ne a kai su gaban majistare a ce a ajiye su gidan yari kafin a gama bincike. A dokar 2015 ɗin nan, umarnin farko bai wuce kwana 14 ba, sai an dawo an kawo dalili. In an kai nan, ki karɓi lambar ƙara da ranar dawowa, ranar kuma ki riga kowa zuwa. Ki gai da magatakarda ki tambaye shi. Aikinsa ne ya gaya miki, ba sai da goro ba.

Lauya ba sai kina da kuɗi ba. Akwai hukumar tarayya mai ba marasa hali lauya kyauta, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ta lauyoyi mata, FIDA. Duk inda za ki kai kuka, ki kai shi a rubuce, kwafi biyu, a buga miki hatimi a naki. Sashe na 46 na kundin tsarin mulki ya buɗe ƙofar Babbar Kotu ga wanda aka tauye wa haƙƙi, ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 kuma sun yarda wani ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare. Ke ma kin isa.

Mai yiwuwa za a ambaci sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. An yi masa gyara a 2024, an cire maganar ɓata rai da cin fuska, abin da ya rage ya fi karkata ga ƙaryar da aka yaɗa da gangan don tayar da hankali ko jefa rai cikin haɗari. Cewa asibiti ba magani, in gaskiya ne, bai shiga nan ba. Ki sa wani ya ɗauko hoton asibitin da kwanan wata.

Surutu yana aiki? A Nuwamba 2022 aka kama wani ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse kan abin da ya rubuta game da uwargidan shugaban ƙasa. Ƙungiyar ɗalibai ta sa ranar zanga-zanga, aka janye ƙarar. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da yaran da aka kwaso lokacin zanga-zangar Agusta a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, bayan kusan wata uku a tsare, wasu suka zube a gaban alƙali. Duniya ta ga hoton, kwana uku tsakani shugaban ƙasa ya ce a sake su. Wata ukun da suka yi ba wanda ya gan su, ba abin da ya motsa. Amma ki fara jin shawarar lauya, kuma in za ki yi magana ki tsaya kan abin da ke cikin littafinki, ban da zagi. In an ce yaron ya nemi gafara a bidiyo kafin a sake shi, shi zai zaɓa, kuma kada kowa ya zarge shi daga inuwa.

Bari in ɗan juya ga 'yan'uwana ƙananan ma'aikata. Babban mutum ba ya zuwa da kansa ya kulle ɗaki. Kurtu ne, da magatakarda, da mai buga takarda. Na yi aiki da wani alƙali zamanin soja wanda ba ya sa hannu a takardar tsare mutum sai an kawo mutumin ya gan shi tsaye, ya tambaye shi ko an doke shi, ya rubuta amsar. Bai taɓa yin jawabi ba, ba a taɓa buga shi a jarida ba, ƙarin girma ma ya daɗe bai gani ba. Amma masu kawo mutane sun san kotunsa, kuma wanda za a kai gabansa ba a cika taɓa lafiyarsa ba.

TAMBAYA: Allah shi gafarta Baba. Wani malami ya ce sukar shugaba a fili fitina ce, a yi haƙuri a yi addu'a. Wani ya ce shiru kan zalunci zunubi ne. Wanne za mu bi?
Ɗalibin zaure, Gidan Igwai.

AMSA: Fatawa ba tawa ba ce, Malam ƙarami, ka koma wa masu ita. Abin da na fahimta, saɓaninsu kan hanya ne, a asirce ko a bayyane, ba kan halaccin zalunci ba. Tarihin garinmu dai ga shi. A Magami, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu bai karɓa ba, ya nemi abubuwa biyar a madadinta. Cikinsu akwai a saki fursunoni, kuma kada a ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu. A gaban taro ya faɗa, shekaru kafin hijirar Gudu ta 1804. Ƙanensa Abdullahi kuwa, da ya ga son mulki da dukiya sun fara shiga jama'arsu, ya bar runduna ya nufi gabas, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu yadda ake mulki da adalci. Nasa ya soka, ba na wani ba.

Mai tsoron fitina ma yana da hujja. Fasa shaguna da aka yi a wasu garuruwan Arewa a Agustan 2024 shi ya ba da hanyar kwasar yara, mai laifi da mai wucewa. Taron lumana kuwa haƙƙi ne a sashe na 40 na kundin tsarin mulki, kuma tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke, a ƙarar da ANPP da wasu jam'iyyu suka shigar, cewa ba sai da izinin 'yan sanda ba. Ka lura da abu guda ga kowane malami: fatawarsa tana nan yadda take in jam'iyyar da ke mulki ta canja?

TAMBAYA: Baba, ni malamar firamare ce, muna da adashi mu mata talatin. Yawancinmu sun ce ba za su ƙara fita zaɓe ba, an riga an rubuta sakamako. Wasu sun ce gara su karɓi taliya da atamfa, shi ne rabonsu. Ni ma jikina ya yi sanyi.
Malama, daga kudancin jiha.

AMSA: Malama, a ko'ina za a iya faɗin wannan magana ban da Sakkwato. A 2019, bayan zaɓen cike gurbi, Aminu Waziri Tambuwal ya samu ƙuri'a 512,002, Ahmed Aliyu ya samu 511,660. Tazarar 342 ce, rumfa guda mai cika ta fi haka. A 2023 kuma kujerar ta koma ɗaya ɓangaren. Ko wanne kike so cikinsu, wannan ba alamar sakamakon da aka gama rubutawa tun a ɗaki ba ce. Da an gama rubutawa, wa zai yi asarar taliyarsa?

Maguɗi akwai shi, amma ya fi sauƙi inda ba kowa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, waɗanda suka fito kusan miliyan 25 ne. Ku talatin ɗin nan ku raba kanku. Wasu su je da sassafe, wasu su karɓe su bayan azahar, don a samu masu tsayawa har a ƙirga a gaban jama'a, a cika takardar sakamakon rumfa, EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Mai waya ta ɗauki hoton sakamakon da aka manna. Wanda zai canja lamba a wurin tattarawa yana tunani sau biyu in ya san hoton yana wayoyi goma. Masu karɓar atamfa kuma ba zan zage su ba, na san abin da ke cikin tukunya. Ki dai tuna musu cewa a bayan labulen dangwale ba mai atamfar.

Mata su taru su karantar da juna ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, jajis ɗin Nana Asma'u, wato matan da ta horar su koyar, ƙauye-ƙauye suka riƙa bi. Ranar zubi, bayan an ƙirga kuɗi, ku ɗauki minti goma kan abu guda na mazaɓarku: rijiyar burtsatse, rufin aji, ko maganin asibiti. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma abin da kowace cikin 23 ɗinmu ke samu ana wallafa shi duk wata. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa ikon ya tambayi ma'aikatar gwamnati a rubuce ba tare da ya faɗi dalili ba, a ba shi amsa cikin kwana 7, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma.

Ke ma'aikaciya ce, kada ki sa hannu ke kaɗai, kada ma ki zama ta farko. Ku rubuta da sunan ƙungiya, tambaya ɗaya tak, gajera: nawa aka ware wa aiki kaza a shekara kaza, wa aka ba kwangilar, nawa aka biya. Masu sana'ar kansu su fara sa hannu. Kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a naku. In kwana bakwai suka wuce ba amsa, ki aiko mini da hoton kwafin, mu buga shi a wannan shafi tare da ranar da aka karɓa.